Ka Fara Zagaya Wasannin Gefe Kafin Ka Hau Dandali

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tambayi wasannin da suka cancanci kallo a wannan bikin al'adu da matasa ke shiryawa a gari, ka kuma ce an ba ƙungiyarku minti 20 ku yi kiɗa kai tsaye karon farko, kana neman shawara. A wurina abu ɗaya ne, domin abin da ka kalla kafin ranarku shi zai nuna maka yadda ake tsayawa gaban jama'a. Na daɗe ina kaɗa gitar a bukukuwan aure da na makarantu a nan Maradi, bari in faɗa maka abin da na gani.

Babban dandali na dare ba sai an tura ka ba, can kowa zai nufa. Sai dai da yawa daga masu hawansa da memori suke zuwa, a saka waƙa su riƙa bin ta da baki. Ba na raina su, akwai masu murya a cikinsu, amma mai son koyon kiɗa ba zai ƙaru da komai ba a nan. Ka nemi wasannin da ake yi bayan La'asar a cikin unguwanni, irin su Bagalam, Mokoyo da Maradawa, inda babu fitila mai launi, babu kujerun manyan baƙi.

Idan akwai 'yan kama a tsarin, da su za ka fara. Mutum ya naɗa rawani kamar malami, ya buɗe baki kamar zai yi wa'azi, sai ka ji zancen tuwo da miya ne daga farko har ƙarshe. Dariya za ka yi, amma ka sa ido ga yadda yake yin shiru. Yana faɗin magana ya dakata, ya bar dariya ta gama zagaya fili, sannan ya ɗora. Ba mikro a hannunsa, kuma ba wanda ke tashi. Mu masu gitar abin da ya fi ba mu wuya ke nan, muna tsoron shiru, muna cika kowane gurbi da ƙara.

Daga nan ka je wurin mata masu kiɗan ƙwarya. Ka tsaya kusa ka ga babbar ƙwaryar da aka kifa cikin ruwa, ita ke ba da murya mai kauri, ƙananan suna yi mata ado. Ka saurari 'yan amshi: uwar waƙa ba ta gama rufe baki ba sun karɓe, ba mai riga wata, ba mai makara. Ka tafi da 'yan amshinku su ji da kunnensu, ya fi ka yini kana yi musu bayani.

Mai goge ko mai gurmi kuwa, in ka same shi, ka zauna har ya tashi. Akwai wani dattijo da nake zuwa saurare, kafin ya fara sai ya ɗauko ƙaro ya goga wa izgar a hankali, ya ja sau ɗaya ya karkata kunne, ya ɗan gyara, duk wannan idonsa na kan masu shigowa. Yana ganin wanda ya sani sai ya saƙa sunansa da na kakansa cikin waƙar ba tare da kiɗan ya yi tuntuɓe ba. Mutumin da ya zo wucewa sai ka ga ya nemi wurin zama. Wannan ba a koyonsa a ɗakin gwaji.

Makaɗan kokowa ma kar su wuce ka. Garin Kantu muke, ɗan kokowar da ya ɗauki takobin farko na gasar ƙasa a Tawa a 1975, filin kokowarmu ma sunansa yake ɗauke da shi, kunnen Bamarade ya san wannan kiɗa tun yana goye. Ka lura da yadda ganga ke sauyawa idan ɗan kokowa ya fito yin kirari. Teyatur kuma, wato wasan kwaikwayo, gadon ƙungiyoyin samariya ne tun zamanin Kunce, kuma har yau akwai yara masu hazaƙa. Ka zaɓi waɗanda ke yi da Hausa, ka zauna gaba, don murya ba ta kai wa baya.

To, batun naku kiɗan.

Minti 20 waƙa uku ce, kar ku cusa biyar. Ku buɗe da wadda mutane za su iya amsawa tun a baiti na biyu. Sabuwar waƙar da kuka fi ƙauna ku sa ta a tsakiya, lokacin da aka riga aka saki jiki da ku.

Ku je da wuri a yi balans, wato a daidaita sautin kayanku. Ku gaisa da mai sono, wato mai kula da kayan sauti, da mutunci, ku san sunansa, domin rabin daɗin kiɗanku a yatsunsa yake. A fara daidaita ganga da kalangu, sai bas, sai gitar, murya ta hau bisansu duka. In ba a jin kalmomi, Bahaushe ba ya ɗaukar abin a matsayin waƙa, ko da hannunka ya fi na kowa. Kar mai waƙa ya tsaya da mikro gaban bafur, wato lasifika, nan take zai yi kuka ya kori mutane. Tun Maradi Kolliya, bikin ranar jamhuriya da aka yi a nan a 2015, yaranmu suka ga manyan kayan sauti, wasu suka ɗauka ƙara ita ce kiɗa. Ni ban yarda ba, kuma tsofaffin da ke toshe kunne suna barin fili su ne shaidata.

Abin da zan fi ja maka kunne a kai shi ne wuta. Ku shirya waƙa ɗaya da za ta tsaya da kalangu, murya da tafi kaɗai. Wata rana muna kiɗan biki a unguwar Zariya, muna tsakiyar waƙa wuta ta ɗauke, gitar da piyano suka mutu lokaci guda. Mai kalangunmu ko gezau bai yi ba, ya matse kalangun a hammata ya ƙara masa murya, ya tako tsakiyar fili. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, mata suka karɓi amshi, yara suka kunna fitilun wayoyinsu. Har aka tada gurup, injin ba da wuta, ba wanda ya lura an rasa wani abu. Da a ce kiɗanmu duka a cikin na'ura yake, da taron ya watse.

Idan kun haɗa gitar da gurmi, gitar ce za ta bi gurmi. Yawancin waƙoƙinmu bisa muryoyi biyar suke tafiya, mai piyano in ya cika musu kayan da ya koya daga kiɗan Turawa sai su riƙa karo. Ya rage hannu. Kuma da rana ta faɗi iska ta sauya, muryar tsirkiya tana sauyawa, fatar ganga tana saki, shi ya sa kake ganin makaɗa suna kara ta kusa da wuta. Ku sake ɗaure kayanku daf da hawa, ba tun da rana ba.

Ku san lokacin Magariba da Isha'i, ku tambayi masu tsari kar kiran salla ya riske ku tsakiyar waƙa. In ya riske ku, ku tsaya cak. Zambo da habaici ku bar su a gida, kirarin 'yan siyasa ma haka, fili na kowa ne.

Sai kuɗi, wanda shi ya fi raba ƙungiyoyi a garin nan. Ku tambaya tun yanzu ko akwai abin da za a ba ku, ko kuwa liƙi ne kawai. Ku sa yaro ɗaya amintacce ya riƙa tsince abin da aka liƙa, a ƙirga gaban kowa. A fara fitar da kuɗin adaidaitar da ta ɗauko kaya da ɗan goron mai sono, sauran a raba yadda kuka yi magana tun kafin a hau, ko jika ɗaya ce. Mai kalangu kar a ba shi ƙasa da mai gitar.

Ka sanar da ni ranar gwajinku na ƙarshe, in Allah ya yarda zan zo da mai kalangunmu mu saurare ku. Ranar wasan kuma ku taho da kebul ɗinku, da tsirkiyar canji, da pil, wato batirin mikro, kar ku dogara da na masu sono.