Da gaske ana ɓoye saƙo a cikin hoto?

Malam, ka tambaya ko ana iya cusa sirri a hoto ido bai gani ba. Ana yi kam. Kowane ɗigon hoto yana da ja da kore da shuɗi, kowanne lambarsa daga 0 zuwa 255. Mayar da 200 ta koma 201 ba ya canza komai a ido, kuma a nan ake dasa saƙon. Na gwada da hoton Ƙofar Doka, ko kaɗan ban ga bambanci ba. Amma wannan hanya sai a tsarin ajiye hoto irin PNG, domin matsewar da tsarin JPEG ke yi wa hoto tana lalata saƙon.

Masu bincike kuwa ƙirga suke yi: idan lambobi maƙwabta irin 200 da 201 suka riƙa zuwa daidai wa daida a hoton, akwai abin dubawa.