Me Auna Maganadisun Garin Sinadari Zai Amfana wa Mutum?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai. An ba ni aikin haɗa ƙarfen nikel da wani sinadari, in auna yadda maganadisu ke jan garin da ya fito. Babana ya tambaye ni amfanin wannan wahala, na rasa ta cewa. Daga wata ɗaliba, Gwale, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki gaida Baba, tambayarsa tana kan hanya.

Abin da kike haɗawa ƙwayar ƙarfe ce guda a tsakiya, wasu ƙwayoyi sun kewaye ta sun riƙe ta, kamar hakimi cikin fadawansa. Alfred Werner na Suwizalan ne ya bayyana wannan tsari a 1893, ya ci kyautar Nobel a 1913. Ilektron ɗin ƙarfen, wato 'yan mitsi-mitsin abubuwan da ke kewaya cibiyar ƙwayarsa, bibbiyu suke zama, to duk wanda ya rage gwauro, shi maganadisu ke ja. Idan kika dura garin a siririyar kwalba kika rataya tsakanin bakin maganadisu biyu, sai ki ga nauyinsa ya ƙaru a sikeli. Ƙarin nan ne ke ƙirga miki gwauraye. Nikel mai fadawa shida yana da biyu, wanda huɗu suka kewaye a shimfiɗe ba shi da ko ɗaya. Kin ga da sikeli kin gano siffar abin da ido bai taɓa gani ba.

Ga abin da za ki faɗa wa Baba. A 1936, Linus Pauling da Charles Coryell suka yi wa jini irin wannan awo a Amurka. Abin da ke sa jini ja, ai ƙarfe ne da fadawansa. Suka tarar idan yana ɗauke da iskar oksijin maganadisu ba ya jansa, idan ya sauke ta kuwa yana jansa. Shekara 54 bayan nan, a 1990, Seiji Ogawa ya ɗora a kan wannan, har aka kai ga kallon sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki da MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki mai aiki da maganadisu, don oksijin ɗin jinin sashen yana canjawa idan yana aiki. Wallahi har yau labarin nan yana motsa ni.

Haka allurar da ake yi wa wasu marasa lafiya kafin hoton MRI. Ƙarfen gadoliniyam ne a ciki, mai gwauraye bakwai. Shi kaɗai guba ne, sai an ɗaure shi tam da wani sinadari, ya haska hoton, ƙoda ta fitar da shi. Tun 1988 ake amfani da ita.

Wani fagen kuma bai nuna ba tukuna. A 1993 Roberta Sessoli da abokan aikinta a Italiya suka nuna ƙwaya guda mai ɗauke da ƙwayoyin ƙarfen manganis 12 tana riƙe maganadisu da kanta, amma sai a sanyin wajen digiri 269 ƙasa da sifiri. A 2018 aka samu wadda ke riƙewa a 193 ƙasa da sifiri. Burin shi ne adana bayanan kwamfuta a ƙwaya ɗaya.

Naki aikin kuwa, ki busar da garin sosai, ki niƙe shi lukui, ki riƙa bubbuga gindin kwalbar a hankali har ya zauna babu gurbin iska. Ki auna sau uku, ki rubuta zafin ɗakin kowane karo, don zafin Kano na watan Afrilu yana taɓa sakamakon.