Hoto bai nuna karaya ba, me ya sa gwiwata take maƙalewa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 29. Mako uku da suka wuce ina buga ƙwallo na juya da sauri, sai na ji ƙas a gwiwata ta dama. Washegari ta kumbura. An yi mini hoton ƙashi, aka ce ba karaya. To amma har yanzu ba na iya tsugunawa, wani lokacin ma sai ta maƙale ta ƙi miƙewa. Targaɗe ne kawai?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Yadda ka bayyana abin, na fi zargin guringuntsi ne ya yage, shi kuwa ba ya fitowa a hoton ƙashi. Saboda haka “ba karaya” ba ya nufin gwiwar lafiya lau take.

Guringuntsi iri biyu ne a gwiwa. Akwai mai santsi da ya lulluɓe bakin ƙashin cinya da na ƙwauri da bayan ƙoƙon gwiwa, kaurinsa milimita 2 zuwa 4. Sai kuma meniskus, guda biyu a kowace gwiwa, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna zaune tsakanin ƙasusuwan kamar gammo, suna rarraba nauyin jiki. Idan ƙafa ta kafe a ƙasa, gwiwa na lanƙwashe, jiki kuma ya juya, meniskus ne ke matsewa ya yage. Kumburinsa yakan taso a hankali cikin kwana guda, saɓanin tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda kan kumbura cikin sa'o'i kaɗan.

Maƙalewar nan ita ta fi damuna. Sau da yawa ɓangaren da ya yage ne ke naɗewa ya shiga tsakanin ƙasusuwa ya tokare. Kada ka bari kowa ya finciki ƙafar ko ya murɗa ta wai don ta saki, yagewar za ta iya ƙaruwa. Ka ga likitan ƙashi cikin kwanakin nan. Zai danna gefen gaɓar, ya lanƙwasa ƙafar yana juya ta ya ji ko za ta yi ƙara, sannan ya tura ka hoton MRI, wanda ke nuna guringuntsi da jijiyoyi.

Warkewa ta danganta da inda ya yage. A kowane meniskus, kashi ɗaya cikin uku na bakinsa ta waje ne kawai jini ke isa, can yakan haɗe, ko da kansa ko da ɗinki. Sauran ɓangarensa na can ciki kuwa da wuya ya haɗe. Ana yin tiyatar ta ƙananan ƙofofi da kyamara, ko a ɗinke ko a datse abin da ya yage. A shekarunka, ina ganin ka tambayi likitan kai tsaye ko zai ɗinku, domin gwargwadon abin da aka cire, gwargwadon yadda guringuntsi mai santsin zai riƙa cinyewa, ciwon gaɓa ya zo da wuri. Ɗinki ya fi cin lokaci, watanni kafin ka koma fili, amma ya fi maka alheri. (Waɗanda suka haura 40, da nasu ya yage saboda tsufa, galibi motsa jiki a wurin masu gashin ƙashi na asibiti ya wadatar.)

Kafin nan ka ajiye ƙwallo da tsugunno. Ka naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti 15 zuwa 20, ka ɗaga ƙafar idan ka zauna. Kana kwance, ka riƙa ɗaure tsokar cinya kana saki don kada ta rame. Idan gwiwar ta ƙi miƙewa gaba ɗaya, ko ta yi ja da zafi ga zazzaɓi, ka je asibiti a ranar.