Likita, ƙafata za ta kai ni? Tambayoyin maniyyata kan tafiyar ƙasa

Tun da aka fara bitar maniyyata a ƙananan hukumomi, yawancin tambayoyin da ke iso mini daga ƙauyukan Kano da Jigawa a kan tafiya suke. Ga kaɗan daga ciki.

Likita, shekarata 27, daga yankin Birnin Kudu nake. Kakana a ƙasa ya je Makka, sai da ya shekara bakwai ya dawo. Ina da ƙarfi, ba ni da kuɗin kujera. Idan na ɗauki hanyarsa jikina zai jure?

Ɗan'uwa, Allah ya cika maka buri, amma ba ta nan ba. Hanyar kakanka takan bi ta Borno, ta shiga Chadi, ta ratsa Darfur da Kordofan, ta kai bakin Bahar Maliya a Sawakin, sannan a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ta haura kilomita 3,000. Kuma ba miƙewa suke yi ɗoɗar ba. Damina ta kama su a wani gari sai su yada zango su yi noma, wasu su yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira, su tara guzuri su ƙara gaba. Shi ya sa ka ji shekara bakwai. Da yawa ba su dawo ba, jikokinsu na can Sudan har gobe.

Ga lissafi, mai lafiya yakan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa, ya iya jure 20 zuwa 25 a rana idan yana hutawa. Ƙafarka ba ita ce matsala ba. Tun watan Afrilun 2023 ake yaƙi a Sudan, kuma garuruwan da hanyar ta ratsa, irin su Janaina da Fashir, suna cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Ko ka tsallake, babu mai barin ka shiga aikin Hajji ba izini. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari marasa izini ne, waɗanda suka yi ta doguwar tafiya a rana ba tanti ba mota. Ka yi ta tara abinka a hankali. Ranar da Allah ya kira ka aikin Hajji, ƙarfin nan zai yi amfani wajen tura keken tsofaffi a Mina.

Ni manomi ne daga wajen Gumel, shekarata 64. Kullum ina zuwa gona a ƙafa, ran kasuwar Maigatari ma wani lokaci a ƙasa nake zuwa. Ɗana ya dame ni wai sai na riƙa motsa jiki kafin mu tashi. Mai noma ne zai koyi tafiya?

Baba, Allah ya ƙara girma. Yaron nan yana da gaskiya, ka yi haƙuri.

Irinku ne ma suka fi ba ni tsoro, don ɗan birni ya san shi rago ne, yana lallaɓa kansa. Tafiyarka ta gona kai ke da iko da ita. Ka fita da sanyin asuba, ka taka rairayi mai taushi, rana ta take ka shiga gindin maina, ka san inda rijiya take. A can lokaci ba naka ba ne. Kwalta za ka taka da daɓen dutse, cikin turmutsutsu, a tsaya a tafi, ga barci bai ishe ka ba tun daren Muzdalifa. Safa da Marwa kaɗai, sau bakwai, sun kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi, wanda idan cunkoso ya tura ka benen sama zagayen yakan ninka. Tsakanin Mina da Arfa ya haura kilomita 10. Akwai motoci, amma mota takan maƙale a sauke mutane. Sannan ga zuwa jifa da dawowa kwana uku a jere, daga tanti mai nisa.

Saura wata biyu, ka fara. Da yamma bayan la'asar ka hau titin kwalta, ba hanyar gona ba, ka yi rabin awa. Kowane mako ka ƙara kaɗan har ka kai awa ɗaya da rabi ba ka zauna ba. Idan ka ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya gagara, ko jiri, ka tsaya ka zo asibiti a duba zuciya tun kana gida.

Babban abin kuma takalmi. Na taɓa wanke wa wani dattijo ƙafa, diddige da tsakanin babban yatsa duk sun saluɓe. Da na tambaya sai ya ce 'yarsa ce ta saya masa sabon takalmi, shi kuwa ya adana shi cikin leda a ƙasan jaka, wai kada ya tsufa kafin ƙasa mai tsarki. Ranar da ya ɗaura harami ya fara sa shi. Kada ka yi haka, Baba. Takalmin da za ka yi aikin da shi, da shi za ka yi wannan tafiyar ta gida, ya saba da ƙafarka ta saba da shi. A samu mai kauri a ƙasa, mai maɗauri, a bar silifar wanka don banɗaki.

Idan ƙafa ta fara zafi a wuri guda, a tsaya a manna filasta tun ba ta yi bororo ba. Idan ta riga ta yi, kada a ɓare fatar, ita ce murfin ciwon. A wanke, a bushe, a rufe. Akwai kuma abin da maza ke jin nauyin faɗa: mai harami ba wando, ga gumi, cinya na gugar cinya har mutum ya koma tafiya a tattale. A shafa man basilin marar ƙanshi kafin a fita, ba bayan wuri ya ɗaye ba.

Likita, ina da ciwon suga shekara tara, ina yin allura. Daga ƙasar Rano nake. Ƙafafuna sukan yi kamar ba nawa ba. Zan iya?

Hajiya, da yawa masu irin lalurarki sun je sun dawo lafiya, amma wannan mutuwar ƙafar da kike ji ita za ki sa wa ido. Suga ya taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, don haka za ki iya ƙonewa ba ki sani ba. Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne: a fito daga masallaci a tarar takalmi ya ɓata, a ce bari a lallaɓa a kai masauki haka nan, kwalta kuwa ta sha rana. Sai da dare a ga tafin ƙafa ya tashi. Ki riƙe ƙaramar jaka ki sa takalminki ciki ki shiga da shi. In ya ɓace, ki zauna a inuwa a sayo miki wani. Kowane dare ki duba ƙasan ƙafa da tsakanin yatsu, in ido ba ya kaiwa abokiyar ɗakinki ta duba miki. Ke ba a fasa miki bororo da allura, likitocin tawaga za ki nuna wa.

Tafiya tana cin suga. Allurar da ta yi miki daidai a gida za ta iya yin yawa ranar ɗawafi. Rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa da gani dishi-dishi alamar ya faɗi ne, ki ci dabino uku ko ki sha lemo mai zaƙi nan take. Kada ki fita ba ki karya ba. Allurar kuma zafi na lalata ta, a jakar hannu za ta zauna cikin abin sanyaya, ba cikin kayan da ake aunawa ba. Ki ga likitanki kafin tafiya ku tsara adadin. Maganar wakilta wani ya yi miki jifa, wannan ta malaman bita ce, ki tambaye su ba kunya.

An ce layin banɗaki a Mina ba kyau. Ni dabarata in rage shan ruwa. Da laifi?

Da babban laifi, Malam. Wannan dabarar ta kwantar da mutane da yawa. A 2024 zafi ya kai maki 51.8 a Makka, abin da ko bazarar Haɗejia ba ta kaiwa. Ka riƙa kurɓa a kai a kai, kada ka jira ƙishi, don tsoho ma ba ya jin ƙishi da wuri. Fitsarinka ne ma'auni: idan ya koma kalar shayi kuma ya ragu, jiki ya bushe. Ranar da ka yi gumi sosai ko gudawa ta kama ka, ka haɗa ruwan gishiri da suga na leda, ko ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Lema kuma ba ta mata kaɗai ba ce, ka riƙe taka.

Idan abokin tafiya ya fara sambatu, ko tangaɗi, jikinsa rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a kira ma'aikatan lafiya. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, huhu zai tafi.

Gwiwa ke damuna. Zan iya tafiya da maganin ciwon jiki na kyamis, da ɗan goro?

Farasitamol ba laifi. Amma irin su diclofenac da ibuprofen, idan suka haɗu da jikin da ba ruwa, ƙoda suke bugawa, balle mai hawan jini ko gyambon ciki. Tiramadol kuwa kada ma ya kusanci jakarka, zai iya kai ka kurkuku a can. Duk maganin da kake sha kullum ka tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Goro hukumar alhazai ta sha gargaɗi a kansa, a bar shi gida. In shi ke riƙe da kai, fara rage shi tun yanzu, kada ciwon kan rashinsa ya same ka a filin Arfa.