Hanta ta yi tauri, amma sinadaran garkuwa sun ƙaru a jini: alheri ne?

Tambaya: Likita, mahaifinmu yana fama da ciwon hanta nau'in B har hantar ta yi tauri. Takardar gwajinsa ta nuna sinadaran jini biyu sun sauya: albumin ya ragu, gulobulin kuma ya hau, aka ce mana a cikin gulobulin ɗin sinadaran garkuwar jiki suke. Shin garkuwarsa ce ta ƙara ƙarfi?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya. Gaskiya wannan hauhawar alama ce ta gajiyar hanta. Albumin hanta ce ke ƙera shi, shi ya sa yake raguwa idan ta gaza, har ƙafafu su kumbura, ciki ya tara ruwa. Sinadaran garkuwa kuwa, wato antibodi, wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke samar da su a ɓargo da saifa da bangon hanji. Aikin hanta a kansu shi ne tacewa da sharewa.

Kusan kashi 75 cikin 100 na jinin da ke shiga hanta daga hanji da saifa yake zuwa, ɗauke da ɓurɓushin ƙwayoyin cuta. A ƙananan magudanan hantar akwai ƙwayoyin Kupffer, waɗanda wani masani ɗan Jamus ya bayyana a 1876, kuma su ne ke haɗiye wannan ɓurɓushin tare da antibodin da suka riga suka manne wa abin da suka kama. Idan tabo ya mamaye hanta, sai jini ya nemi wasu jijiyoyi ya kewaye ta, kamar ruwan da ya bi gefen rariya, dattin ya bazu a jiki, fararen ƙwayoyin kuma su yi ta zubo antibodi barkatai ba tare da sun nufi wata cuta takamaimai ba. Abin da ya fi damuna shi ne, duk da yawansu, irin wannan majinyaci ya fi mai lafiya saurin kamuwa da cuta, domin wasu sinadaran da ke taimaka wa antibodi wajen kashe ƙwayoyin cuta su ma a hanta ake yin su.

Antibodi nau'i-nau'i ne, irin su IgG da IgA da IgM, kuma nau'in da ya hau yakan ba likita haske: IgG a ciwon da garkuwar jiki ke afka wa hanta, IgA a ciwon hanta na barasa, IgM kuma a wata cuta ta ƙananan hanyoyin ruwan madaciya. Dunƙulen antibodin da ba a share ba yana iya maƙalewa a ƙoda, saboda haka ku roƙi a duba fitsarinsa, musamman idan yana yin kumfa. In kuwa zazzaɓi ko ciwon ciki ko ruɗewa ya zo masa alhali cikinsa na da ruwa, ku kai shi asibiti a ranar.