Na ɓoye kalmar sirri a cikin tubalan manhajata, wani zai iya gani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa manhajar ajiye sunaye da lambobin wayar 'yan ƙungiyarmu da MIT App Inventor, dandalin da ake haɗa manhaja ta hanyar jera tubalan umarni. Kalmar sirrin shugaba na sa ta a tubalin rubutu, bayanan kuma suna Firebase, ma'ajiyar bayanai ta Google a intanet. Yanzu wani ya ce duk wanda ya samu APK ɗin, wato fayil ɗin da ake saka manhajar a waya da shi, zai iya ganin komai. Hankalina a tashe yake, don na riga na tura wa mutane.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka. Laifin kuma ba na App Inventor ba ne. Ko da harshen rubuta manhaja na Kotlin ka rubuta ta, haka zancen yake.

Kullum sai na ci karo da wannan kuskure: wai da zarar ka danna Build, maɓallin da ke fitar da APK, manhaja ta rufu ruf. Ina! APK fayil ne irin na zip. Akwai kayan aiki na kyauta, irin su jadx da apktool, da ake kwance shi da su, kuma rubutun da ka sa a tubali yana nan ciki. Don tubalan sun ɓace maka daga allo ba ya nufin abin da ke cikinsu ya ɓace. Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu koyarwa a bidiyo da ke cewa “idan rubutun akwati ya yi daidai da 1234, buɗe shafin shugaba”, su sa wa wannan suna tsaro. Wasu ma har cewa suke a buɗe ƙa'idojin Firebase, masu iyakance wanda zai taɓa bayanan, kowa ya karanta, kowa ya rubuta, don kawai darasin ya tafi ba tangarɗa. Ɗalibi ya kwaikwaya, ya zuba lambobin mutane a ciki. Tubalin Obfuscated Text, mai rikita rubutu, da suke tutiya da shi ma wahalar da mai bincike kawai yake yi, ba ya hana shi.

Waɗannan lambobi amana ce aka ba ka. Yau ɗin nan ka shiga Firebase ka rufe ƙa'idojin, ka canza kalmar sirrin a duk inda shugaban ke amfani da ita, ka sanar da 'yan ƙungiya. Tantance mai shiga aikin sabar intanet (server) ne, ba na manhajar da ke waya ba, don haka kowa ya samu nasa asusun ta Firebase Authentication. Kafin ka iya wannan, ci gaba da koyo da TinyDB, mai ajiye bayanai a cikin wayar kawai, da sunayen bogi.