Kajina suna cin shanyar maƙwabta, suna kuma tonon juji

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni tela ne a Umdurman, a ƙasar Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 na kwashe iyalina muka koma ƙauyen kakanninmu a wajen Gadarif. Na sayi kaji 12 na gida da zakara ɗaya, Allah ya sa albarka, yanzu sun haura 70, da ƙwansu nake cefane. Sakinsu nake yi su yi kiwo. To Inna ta daina cin namansu da ƙwansu, ta ce ta ga suna tono a bayan makewayi. Maƙwabciyarmu kuma tana ƙorafin suna ci mata shanyar dawa da ridi, har ta ce za ta zuba musu guba. Shin cinsu halal ne? Kuma akwai zakka a kaina?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, Allah ya mayar maka da alherin abin da ka rasa. Wanda aka raba da sana'arsa bai zauna jiran taimako ba, ya kama kiwo, ya yi abin yabo.

Ka tambayi abu biyu, amma na ga na uku a cikin wasiƙarka wanda ya fi su nauyi, shi ne kukan maƙwabciyarka. Bari mu fara da na Inna.

Naman kaza halal ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Abu Musa al-Ash'ari abinci da naman kaza, wani mutum ya ja gefe ya ce ya ga tana cin ƙazanta, shi ya sa yake ƙyamarta. Abu Musa ya ce ya matso ya ci, domin shi ya ga Manzon Allah (SAW) yana cin kaza. Ka ga ƙyamar Inna ba sabuwa ba ce. Sai dai akwai hadisin Ibn Umar a wurin Abu Dawud da Tirmizi da ya hana cin jallala, wato dabbar da najasa ta zama abincinta. Hanbalawa sun haramta ta idan mafi yawan abin da take ci najasa ne, har sai an tsare ta. Shafi'awa sun ce makaruhi ce idan warin ya bayyana a namanta. Mu Malikawa namanta da ƙwanta halal ne a wurinmu, kashinta ne kawai yake zama najasa. Kazar ƙauye da take yini tana tsintar hatsi da ƙwari da ciyawa, ta ɗan leƙa juji, ba ta ma kai matsayin jallala ba.

Duk da haka an ruwaito Ibn Umar yana tsare irin wannan kazar kwana 3 kafin ya yanka. Ka yi haka: wadda za ka yanka ka sa ta a akurki kwana 3, ka ba ta tsaki da dusa da ruwa mai tsabta. Ka fita daga saɓanin malamai, Inna kuma ta ci da kwanciyar rai. In ta ce har yanzu ranta bai so, kada ka matsa mata da hujja. Annabi (SAW) da kansa ya bar cin damo saboda ransa bai so, alhali an ci a gabansa bai hana ba.

Yanzu maƙwabciya. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Wani zai riƙe wannan ya ce ai kaji da rana suke kiwo, da magariba sun shige akurki, don haka ita ta tsare shanyarta. Malaman mazhabarmu sun yi magana a kan tsuntsaye irin tantabaru da masu kama da su, waɗanda shinge ba ya tare su. Ibnul Ƙasim yana ganin tsarewa tana kan mai amfanin gona. Muɗarrif ya ce a'a, mai tsuntsayen ne za a hana idan suna cutar da mutane, Ibn Arafa kuma ya ƙarfafa wannan. Shi nake ba ka fatawa da shi, saboda hadisin "babu cuta, babu cutarwa", kuma saboda halin da kuke ciki. Raƙumi ɗaya ana ganinsa daga nesa a kore shi. Kaji 70 fa, mace ɗaya mai girki da raino, ta yaya za ta yini tana korarsu? Kai ma ka san ridi ba ya jure wasa. Idan ya bushe, taɓa shi kaɗan bakinsa ya buɗe ya zube a ƙasa, kuma a ƙasar Gadarif shi ne kuɗin shekarar gida. Sannan dabbar da aka san ta da ɓarna, aka kuma gargaɗi mai ita, to biya yana kansa ko da rana ne. Kai an riga an gargaɗe ka.

Saboda haka wajibi ne ka killace su, musamman daga yankan ridi har a gama sussukar dawa. Karan dawa da ƙaya sun isa shinge idan kuɗin waya bai samu ba. Amma wanda ya kulle dabba ya ɗauki cinta da shanta, ka tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ta ciyar ba. Ka yi musu inuwa, zafin watan Afrilu da Mayu yana kashe kaza a cunkoso. Idan ba za ka iya ciyar da 70 a killace ba, ka sayar da wasu. Abin da suka ci bayan gargaɗinta, ka je tare da wani dattijo ku ƙiyasta, ka auna mata dawa a madadin dawa, ridi a madadin ridi, ko ta yafe da bakinta ba don kunya ba. Ita kuma a gaya mata zuba guba haramun ne. Ɓarnar dukiya ce da azabtar da rai, yaro ma yana iya tsinta. Haƙƙinta ta kai ƙara wurin shehun ƙauye.

Killacewar tana da wata riba: kashin kajin da ba sa cin najasa mai tsarki ne a mazhabar Malik, kana iya sayar da shi taki ga masu lambu.

Zakka kuwa, ba a fitar da ita daga kaji kansu, domin dabbobin zakka raƙuma ne da shanu da tumaki da awaki. Kuɗin ƙwai da na kajin da ka sayar za ka haɗa da sauran kuɗinka. Idan suka kai darajar giram 85 na zinariya, shekarar Musulunci ta zagayo a kansu, ka fitar da 2.5 cikin 100. Wanda yake cefane da kuɗin ƙwai kullum, babu komai a kansa. Ranar da ka fara sayen 'yan tsaki don ka kiwata ka sayar, sun zama hajar kasuwanci, sai ka riƙa yi musu kuɗi a ƙarshen shekara ka haɗa da abin da ke hannunka.

Allah ne mafi sani.